Tsakiyar Gwangwanin Wake

Yayata ta yi shekara goma sha tara a masana'antar da ke zuba wake a gwangwani, kuma ba a taɓa yi mata shaidar daɗin baki ba. Aikinta ɗaya ne: ita ke faɗin minti nawa gwangwanaye za su yi a ƙatuwar tukunyar tururi kafin ƙwayoyin cuta su mutu. In lokacin ya gaza, gwangwani zai fito tas a ido, amma da guba a cikinsa.

Tururi nan take yake zafi. Zafin kuwa sai ya ratsa ƙarfe, ya bi romo a hankali, sannan ya kai tsakiya. Yaya takan yanka gwangwanin zobe-zobe a kwamfuta, ta yanka lokaci daƙiƙa-daƙiƙa, ta lissafa zafin da kowane zobe ya karɓa daga na waje da wanda ya miƙa wa na ciki. A gida ma haka take. Ba ka isa ka sauke dankali a gabanta ba sai ta soka masa wuƙa.

Bara aka kawo sabon injiniya, sai ƙamshin turare da manhajar kwamfuta mai launi-launi. Ya nuna wa manaja hoton gwangwani ya yi jawur cikin minti talatin, alhali Yaya arba'in da biyu take bayarwa. Manaja ya hango ƙarin tukunya biyu a rana, baki har kunne.

Manaja ya ce wa Yaya, "Sa hannu kawai a kan minti talatin ɗin."

"Ranka ya daɗe, ba zan sa ba. A lissafinsa romon yana juyawa kamar ruwa, yana kai zafi ciki. Wata huɗu ke nan da kuka ƙara masa kauri. Romo mai kauri ba ya motsi."

Injiniya ya yi dariya. "Hajiya, kwamfuta ce fa ta faɗa."

"Abin da ka ɗura mata shi ta amayo maka."

Manaja ya ce ko sa hannu ko ƙofa. Da ta ba ni labari a gida, ni kam na tsorata, don 'ya'yanta uku ne a makaranta. Na ce, "Yaya, ki sa hannun nan mana, ke kaɗai ce mai gaskiya?" Ta harare ni ta ce, "Naka yaran ma waken nan suke ci."

Washegari ta huda gwangwani ɗaya, ta zura ma'aunin zafi har tsakiyarsa, ta liƙe, ta sa a tukunya, ta kira ma'aikata su zo su gani. A minti na talatin zafin tururi yana digiri ɗari da ashirin da ɗaya, tsakiyar kuwa ɗari da takwas. Ta ja kujera ta zauna. Sai a minti na talatin da tara tsakiyar ta kamo. Injiniya ya sulale, wai ana kiransa a waya.

An bar lokacin a arba'in da biyu. Amma manaja bai yafe kunyar da ya sha a gaban leburori ba. Ya miƙa mata takardar sallama, ya ce in ta rubuta neman afuwa zai yaga.

Ta karɓi biro, ta juya takardar, ta rubuta a bayanta yadda za a sake lissafi duk ranar da aka taɓa kaurin romo. Ta wuce hannun manaja da ke miƙe, ta ba mai kula da tukunya.

"Liƙa a bango inda kowa zai gani," ta ce, ta ɗauki jakarta ta fita.