Sallahun Ɗalhatu

Shekara tara Maharazu yana aiki a wani ofishin kago, wato na aika kaya, a unguwar Deira ta Dubai, kuma kowa ya san lagonsa: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ko Sharja da ke nan kusa za shi, sai wani ya liƙa masa sallahu.

A 2018 ya samu hutun kwana biyar, ya ɗauki matarsa Khadijatu sai Italiya. Tanti suka kama a sansanin masu hutu, don otal ya fi ƙarfinsu. Ita kwanan ƙasa bai dame ta ba. Burinta ɗaya ne, ta shiga kwalekwale a Venice, garin da ruwa ne titunansa, ta tura wa mahaifiyarta Uwa hoto. Rana guda tak suka ware.

Ana gobe za su bar Dubai, sai ga Ɗalhatu mai shagon turare da "ɗan ƙunshi" na ƙaninsa da ke Venice. Ɗan ƙunshin nan jaka ce shaƙe da kuka, daddawa da yaji, kilo goma sha takwas. Maharazu, da sana'arsa auna kaya ce, ya san nauyinta tun daga ƙofa, amma ya ce ba komai.

To, Venice ba ta san mota ba, gadojinta kuma duk matakala ne. Ƙanin ya ce a waya su jira shi a tashar jirgin ƙasa, ga shi nan zuwa. Can ya ce a'a, a wata gada. Maharazu ya kinkimi jaka, gumi har dugadugi. Azahar ta wuce, la'asar ta bi ta. Khadijatu na zaune kan jakar, warin daddawa na korar masu wucewa, tana kallon kwalekwale suna giftawa. Takaici ya ishe ta.

Saura rabin awa motar komawa sansani ta tashi daga bakin gari ƙanin ya iso. Ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya miƙo jakar takalma, wai a kai wa yaya. Khadijatu ta zuba wa mijinta ido. Ya karɓa.

Da suka dawo, ran Juma'a ya lallaɓa ta suka hau abra, kwalekwalen da ke tsallakar da shi zuwa aiki kullum. Suna tsakiyar ruwa ta miƙa masa wayarta.

"Maza, ɗauke ni hoto, amma kada rubutun Larabci ya fito," in ji ta. "Na riga na gaya wa Uwa mun shiga."