Lambobi Biyar da Gara Ta Ci

Ni na kulle muryar Baba da hannuna, ba wanda ya aike ni.

Kafin ya rasu, duk hutun da na je gida Bader Goula sai in aje wayar salula gabansa tana ɗaukar murya, in ce ya ba ni labari: rijiyoyin da suka bi da raƙuma suna gangarowa daga arewa, shekarar da fari ya cinye garke, sunayen kakanni. Da salular ta cika, na juye komai cikin wani diski, na goge nata. Diskin nan kuwa ya zama na gayya a lakwal ɗin da nake koyar da lissafi a Dakoro. Wannan ya ara, wancan ya ara, har wani ya share mini hotuna ya zuba finafinai. Na ce yau zan yi maganinku! Na sa ordinater, wato kwamfuta, ta kulle shi, irin kullen da ke hargitsa duk abin da ke ciki sai ga mai kalmar sirri. Ta ba ni wasu dogayen lambobi na ko-ta-kwana, na kwafe a takarda. Aiki ya kai rabi kuran ɗin lantarki ya ɗauke, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na buga kalmar, diski ya ce bai san ni ba.

Kunya ta sa na yi gum, damina guda ban faɗa wa kowa ba. Lokacin Inna ta gama takaba ta dawo wurina. Wata rana tana tsince wake, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Maganar malam da kika riƙa ɗauka, tana nan?"

"Tana nan, Inna," na ce. Matar da ba ta taɓa roƙona ko allura ba.

Washegari na kai diskin wurin wani mai gyara kusa da tasha. Ya jona, ya taɓe baki. "Madam, a wanke shi kawai, ya dawo sabo."

"A wanke? Ubana ne fa a ciki! Ka taɓa wankewar nan, ni da kai sai gaban alƙali."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya huci zuciyata, in kawo dogayen lambobin, da su za a iya kwashe abin da ya rage zuwa wani diski. Na ruga gida. Takardar tana cikin kwalin littattafai jikin bango, gara kuwa ta riga ni. Lambobi arba'in da takwas ne, shida-shida gida takwas. Gara ta ci uku a wani gida, biyu a wani.

"Lamba biyar, Madam," in ji mai gyara. "Gwaji dubu ɗari ke nan. Ki haƙura."

Haƙuri na mai dukiya ne, ni ba ni da wani uban. Na zauna da takardar ina harararta, sai hannu ya fara abin da ya saba, ina rarraba gidajen da suka tsira. Na farko ya rabu da sha ɗaya ba saura. Na biyu ma haka. Duka shidan! Wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai. In dai haka tsarin yake, ba kowace lamba ce za ta shiga ramin gara ba. Na cika littafi da lissafi, dubu ɗari ta koma ɗari takwas da 'yan kai.

Mai gyara ya ba ni gefen tebur. Kullum in an tashi lakwal sai in zo in buga, ordinater ta yi ta nazari kamar tsohuwa na neman zare, ta ƙi, in ja layi. Kuran ya ɗauke, in jira. Mai gyara ya riƙa tsokanata wai na fi gara naci. Ran kwana na tara, bayan la'asar, ordinater ta karɓa.

Ba duka suka fito ba. Labarin rijiyoyi ya tafi, sai shuuu kamar rediyo ya ɓata tasha, kuma har yau ina jin zafinsa, don laifina ne. Amma fiye da rabi sun tsira.

Na tarar da Inna a tsakar gida bisa tabarma. Na aje salula gabanta, wadda na juye abin da ya tsira a ciki, na danna. Aka ji tari, aka ji gyaran zama, sai muryar Baba: "Salamu alaikum."

Inna ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe kai, ta sauko daga tabarmar ta bar masa wuri.

"Wa alaikumus salam," ta ce. "Sannu da zuwa, malam."