Babban Yatsan Baba Kuku

Duk wanda zai rubuta tarihin gwagwarmayar neman adalci a ƙasar nan, in bai keɓe babi guda ga tukunyar waken kwalejinmu ta Gashuwa ba, littafinsa bai cika ba, kuma ni ba zan karanta ba. A bakin wannan tukunya aka gwada duk abin da manyan littattafai suka faɗa game da mai ƙarfi da maras ƙarfi. Na ga sakamakon da idona, domin ni ne sakatare.

Kwalejin horon malamai ce ta kwana, a bayan gari. Tsakiyar shekarun tamanin ne, soja na kan mulki, damina kuma ta yi shekara biyu tana yi mana rowa. Turanci nake koyarwa. Muna da ƙungiyar ma'aikata da muke tinƙaho da ita, saboda a wasu makarantun malamai daban, leburori daban, mu kuwa mun haɗa kowa, mai alli da mai tsintsiya da mai ludayi. A taro 'yan'uwa muke kiran juna. Sai dai malamai a kujera suke zama, ƙananan ma'aikata a tabarma, kuma ban tuna ranar da wani ya ga abin magana a nan ba. Ciyaman ɗinmu malamin tarihi ne, mai gemu da jakar littattafai, wanda ko aron alli zai nema sai ya ambaci jari-hujja. Ni kuwa an zaɓe ni sakatare ne don rubutuna yana da kyau. Ba yabon kai ba ne. Da rula malamin firamarenmu ya gyara mana hannu, har yau in na ja layi ina jin ta a bayan yatsuna.

A zango na biyu ɗan kwangila ya kawo wake wanda ƙwari suka riga ɗalibai ci. In aka dafa, sai su taso saman tukunya baƙi ƙirin. Ɗalibai suka daure mako biyu. Wata Laraba suka kife kwanoninsu a ƙofar ɗakin cin abinci, suka zauna a rana, suka ƙi shiga aji. Ko taga ɗaya ba su fasa ba. Firinsifal ya kori shugabanninsu biyar zuwa gida, sannan ya kira babban kuku ya ce masa ya je ya huta.

Babban kukun dattijo ne mutumin Bade, daga gidan masunta. Kowa Baba yake ce masa, har firinsifal. Ya haura shekara ashirin yana juya tuwon makarantar, saura shekara biyu ya yi ritaya ya fara cin fanshonsa. Ba shi ya sayo waken ba. Shi ne ma ya sa aka shanya shi a rana, aka tsince, ya je wajen mai sito sau uku yana cewa wannan ba abin ba ɗan mutum ba ne. Duk makarantar ta san haka.

Muka kira taron gaggawa. Ciyaman ya yi magana ta sa'a guda, ya taɓo Faransa, ya taɓo Rasha, kafin ya iso kicin. Aka yanke shawarar rubuta takardar koke zuwa ga babban jami'in da ke kula da makarantun shiyyarmu a Nguru, a nemi abu uku: a dawo da ɗalibai, a dawo da Baba, a duba sito. Aka tura ni in kai wa Baba albishir.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa, yana ɗinkin raga. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Malam, wa ya ce an kore ni?"

"Ai ba ka zuwa aiki, Baba."

"Hutawa aka ce in yi. Ka ga takarda?"

Na ce ban gani ba.

"To. Firinsifal huɗu na gani a makarantar nan. Duk wanda yara suka yi wa bore, sai ya ce Baba je ka huta, don a ga ya yi wani abu. In aka dawo hutu, sai a aiko, wai tuwo ya yi gudaje, Baba ka dawo. Wannan ne karo na uku da aka ce in huta. Maganar baki ce, da baki ake janye ta. Amma in kuka sa ta a takarda, wa ya isa ya janye?"

Na ce masa ai wannan shi ne zaluncin, ana wasa da mutuncinsa kamar ƙwallo, kuma in bai tsaya wa kansa ba, ya tsaya wa na bayansa. Ina jin har hannu na ɗaga. Ya saurare ni da ladabin da ake sauraron yaro mai kawo hadda.

"To Malam," ya ce, "kun fi mu karatu."

Na koma na gaya wa ciyaman Baba ya amince. A garin da na tashi ma haka tsofaffi suke cewa in ba su yarda ba amma ba sa son jayayya. Na sani sarai. Amma na riga na tsara sakin layi na farko a kaina, kuma ya yi mini daɗi.

Kwana uku na yi ina rubuta takardar. Har yau ban ƙara yin Turanci irin nata ba. Na buga ta da kaina a tafireta, aka kai ɗakin malamai don sa hannu. Malamai suka sa, ba gardama. Shi sa hannun ɗan boko, kamar yadda kowa ya sani, ba a yinsa don a karanta. Tun muna ɗalibai kowa yake ɓata bangon littafinsa yana koyon nasa, kuma wanda ya fi rikicewa shi ya fi daraja. Shafin ya fito kamar kaji sun yi tono a kai. Nawa yana ciki, mai wutsiya biyu. Ba wanda ya rubuta sunansa a gefe, domin ba a saba ba.

Daga nan na ɗauki farar takarda da tawadar hatimi na nufi gindin darbejiyar bayan kicin, inda ƙananan ma'aikata suka taru. Su dangwale suke yi. Ƙa'idar dangwale kuwa, kamar yadda ake yi a kotu da ofis, ita ce mai karatu ya rubuta sunan mai yatsa a gefe, in ba haka ba yatsan bai zama shaida ba. Na buɗe tawada na ce bisimilla. Ba wanda ya motsa.

Mai gadi, wani Babarbare tsohon soja, ya gyara hularsa. "Sakatare, Baba yana raye, yana garin nan. Wa zai sa yatsa kafin shi?"

Na ce ai ba gado ake rabawa ba.

Wata mai girki ta ce, "Malam, mu ko gishiri ba ma ƙarawa sai ya ɗanɗana. Yanzu mu riga shi a takardar gwamnati? A ce mun yi me?"

Mai gadi ya hau kekensa ya ɗauko Baba. Ya zo da rigar Juma'a. Ya dubi mutanen, ya dube ni, ya dubi tawadar.

"Duk saboda ni kuka bar aiki?"

"Saboda kai, Baba."

Mutumin da abokan aikinsa suka taru dominsa, mata har da goyo, ba ya iya cewa ku watse. Ya goge babban yatsansa a gefen riga, ya dangwala, ya danna a saman takardar. Ni kuma na rubuta lamba ɗaya, da sunansa, da sunan mahaifinsa, da aikinsa, da rubutun nan nawa da ko ɗan aji biyu zai karanta daga nesa. Sauran suka biyo baya, kowa bisa shekarunsa. Da na kai wa ciyaman, ya ce shafin talakawa shi za a sa a sama, na malamai a ƙasa, domin ma'aikaci ne jagoran tarihi. Na yaba da wannan tunani. Ni na maƙala su da hannuna.

Da ciyaman za mu tafi Nguru, sai zazzaɓi ya kama shi da safen. Na hau akori-kura ni kaɗai, tsakanin kwandunan bandar kifi da wani rago da bai yarda da tafiyar ba. Muka kafe a rairayi kafin Jajimaji, muka sauka muka tura. Na rungume fayil ɗin a ƙirji har muka shiga gari, jirgin ƙasa yana kuka a tasha.

Jami'in tsohon malami ne mai furfura, mai fara'a. Ya sa aka kawo mini ruwan randa. Ya karanta takardar a nitse, yana gyaɗa kai, har wani wuri ya maimaita jimla a fili.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ƙungiya ce, ranka ya daɗe."

"Ƙungiyar ta iya Turanci." Ya juya zuwa shafin ƙarshe, ya matsar da shi kusa da tabarau, ya nisantar. "Waɗannan fa?"

"Malamai ne."

"Ni ban ga malami ba, zane na gani." Ya dawo shafin dangwale. "Nan dai ga mutane. Lamba ɗaya, babban kuku. Shi ne wanda yaran suka yi bore a kan abincinsa, ko? Kuma shi ne a gaba a nan. To, abin ya fara fitowa."

Na ce a'a, girmamawa ce ta sa shi a gaba, shi bai ma so ba.

"Bai so ba, ya zama na farko?" Ya yi murmushi. "Malam, ka san lokacin da muke ciki. Takarda irin wannan ba ta kwana a teburina, sama za ta tafi, kuma za a tambaye ni su wa. In malamai ne suka shirya, ga alƙalami. Rubuta mini sunan kowa a gefen zanensa, ka fara da naka in yana ciki. Sai in ce malamai ne suka ja leburori."

Ya ajiye alƙalamin a gabana. Fanka tana juyawa. Na san kowane zane a shafin nan kamar yadda na san fuskokin masu su. Na tuna matata tana da ciki wata bakwai. Na tuna wani malami a wata makaranta da aka ce an zo da mota an tafi da shi, ban ma san ko gaskiya ba ne. Ban yi dogon tunani ba, abin da ya fi damuna ke nan har yau.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya tantance su ba. Ni dai aiko ni aka yi."

"Haka na zata," ya ce, ya ɗauke alƙalaminsa. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce in gaida firinsifal.

A hanyar dawowa na shirya yadda zan ba da labari. Na gaya wa taro cewa an karɓi kokenmu, an yaba da shi, za a duba. Duk gaskiya ne. Aka tafa.

Bayan mako uku amsa ta zo. Ɗalibai biyar za su dawo in iyayensu sun zo sun ba da haƙuri, kuma sun zo. Sito ba sai an duba ba, domin waken ya ƙare, an cinye. Waɗanda suka dangwala an ja musu kunne a rubuce. Shi kuwa lamba ɗaya an sallame shi daga aiki, bisa laifin zuga ɗalibai da tunzura ma'aikata, ba fansho, ba komai. Firinsifal da kansa ya shigo ɗakin malamai da takardar a hannu, fuskarsa ba daɗi. "Wa ya aike ku?" ya ce. "Da kun bar ni da dattijon nan, ai mun san yadda muke yi." Malamin lissafi ya ci gaba da makin jarrabawa.

Muka sake taro a kan ko za mu shiga yajin aiki. Tabarma rabi ce ta cika. Ciyaman, wanda ya warware, ya bayyana cewa yanayi bai nuna ba tukuna. Aka kafa kwamiti. Ni na rubuta bayanin taron, yana nan da kyau.

Ban je gidan Baba ba. Kullum ina cewa gobe. Sai wata ranar kasuwa na hange shi a layin masu kifi, zaune a kan buhu, ya kasa ɗan kifi a gabansa, ya rame. Na so in sauya hanya, amma ya riga ya gan ni, kuma shi ya fara gaisuwa. Ya tambayi maijego da jariri, ya tambayi ko sabon kuku yana rage wuta kafin ya zuba gari. Na tsuguna. Na fara cewa, "Baba, a Nguru an ba ni alƙalami..." Ya katse ni.

"Malam, yatsana ne. Ba wanda ya kama mini hannu."

"Ka faɗa mini tun farko."

"Na faɗa." Ya kori ƙuda daga kan kifin. "Tashi, kar a ga malami a tsugune."

Na tashi. Ban ƙarasa masa zancen alƙalamin ba, ranar ko bayanta. Ban ƙarasa wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa, bayan duk wanda zai iya tsayar da ni ya tambaye ni ya riga mu gidan gaskiya.

A ƙarshen wannan shekara ƙungiya ta yi zaɓe. An sake zaɓena sakatare, ba hamayya.