Ranar da Saja Ernest ya yi wa tuta jana'iza

Duk wanda ya yi aiki a wata masaƙar barguna da ke Kudenda, wadda yanzu ta rufe, ya san Saja Ernest Pam, mai gadin ƙofa. Mutumin Filato ne, gajere mai faɗin ƙirji, da gashin baki da yake shafawa in zai faɗi magana mai nauyi, kuma a ganinsa duk maganarsa mai nauyi ce. Da igiya biyu ya bar soja, wato kofur, amma matarsa Hannatu ta ga shekara goma sha huɗu sun fi ƙarfin igiya biyu, ta ƙara masa ɗaya a gida. Unguwa ta bi bakinta. Shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

An ɗauke shi ne don ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya leƙa jakunkunan ma'aikata. Tuta kuwa shi ya ɗauki kansa aikinta. Ƙarfe shida na safe zai fito da ita daga akwatin ƙarfe, inda take kwana cikin kafur, ya ja ta sama a hankali, ya buga ƙafa ya sara. Shida na yamma ya sauke ta, ya linke, ba ya yarda ko gefenta ya taɓa ƙasa. Shekara biyar yana haka, babu mai kallonsa sai Malam Musa mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da katangar masaƙar.

"Saja," in ji Malam Musa, "tutar nan kore ne nan, kore ne can. Ko ka juya ta wa zai sani?"

"Ita za ta sani."

Sai shekarar 1984 ta zo da yaƙi da rashin ɗa'a. Dare ɗaya kowa ya zama ɗan kishin ƙasa. Mutanen da suka saba shiga bas ta taga suka koyi layi, masu shaguna suka rataye 'yan tutoci, masaƙa ta kafa kwamitin ɗa'a ƙarƙashin Madam Juliana ta ofishin ma'aikata, mace mai tabarau da ba a taɓa jin ta maimaita magana ba. Ranar farko da ta ɗaga kai ta dubi tutar Saja, ta ga korenta ya koma kalar miyar kuka, farin kuma kamar koko ya kwana. Gefe ɗaya ya zare. Kafin mako aka kawo sabuwa a leda.

Saja ya karɓa da hannu biyu. Matsalar ita ce tsohuwar.

Hannatu ce ta fara nema. "Baban Ladi, ka kawo min ita in riƙa shanya barkono. Yadin nan yana da ƙwari."

"Barkono, a kan Nijeriya?"

"To ai cikin Nijeriyar aka shuka shi."

Malam Musa ya ce rana na dukan burodinsa, a ba shi ya yi rumfa, kowa ya sha shayi a inuwar ƙasarsa. Mai sito ya ce injuna na bukatar tsumma. Saja ya saurari kowa yana shafa gashin baki, ya ce a'a. A barikinsu, in ji shi, tuta in ta gama aiki ba a mai da ita zani, ba a jefa ta a shara. Ƙona ta ake yi cikin girma, a binne tokar. Haka ya ga an yi, haka zai yi. Abin da bai yi ba shi ne gaya wa wani ranar.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu ya sa tsohon kakinsa, wanda maɓallin ciki ya daina haɗuwa tun zamanin farar hula. Ya share wuri a gefen ƙofa, ya jera duwatsu uku, ya ɗora tutar a linke, ya yayyafa kananzir, ya ƙyasta ashana. Ya ja da baya taku uku, ya ƙame, ya sara.

Ƙarfe biyu kuwa shi ne lokacin tashin 'yan aikin safe. Kuma a makon nan ne aka liƙa takarda cewa za a rage ma'aikata, saboda babu zare. Mutum ɗari biyu suka fito da baƙin ciki a ƙirji, suka tarar da mai gadi cikin kakin soja, tuta na ci da wuta a gabansa, hawaye na bin kumatunsa. Hawayen rabi na hayaƙin kananzir ne, amma ba wanda ya tsaya bincike.

Bitrus, sakataren ƙungiyar ma'aikata, shi ya fara fahimta, kuma ya fahimta ba daidai ba. Ya hau bencin Malam Musa ya ce, "Ku duba, jama'a. Mu muna ta rubuta wasiƙa, tsoho ya faɗi tasa da ashana ɗaya."

Kafin Saja ya sauke hannu daga goshi, an ɗaga shi sama. Aka zagaya da shi har bakin titi ana yi masa kirari, yana ta harbin iska yana cewa a sauke shi, wuta ba ta gama ci ba, ba a barin gawa ita kaɗai. Suka ɗauka wannan ma wata magana ce mai zurfi, suka ƙara tafi.

Ranar Litinin takarda ta same shi: an dakatar da shi, ya bayyana gaban kwamiti ranar Laraba da ƙarfe biyar. In laifi ya tabbata, aiki ya tafi, da ɗakin da suke ciki a gidajen ma'aikata, kuma za a miƙa shi ga hukuma.

Hannatu ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Da barkono ne a kanta, da yanzu muna zaune lafiya."

Bitrus ya zo har gida, ya zauna a kan turmi. "Kwamared Saja, kada ka ji tsoro. Ka ce musu wutar nan bakinka ce, da ita ka yi magana. Mutum yana da ikon nuna fushinsa. Ka faɗi haka kawai, mu kuma mu tsayar da injuna, ba wanda ya isa ya taɓa ka."

"In ce na wulaƙanta tuta?"

"Ka ce ka nuna fushi."

"Ni ban yi fushi ba."

"To ka yi mana, Baba. Kwana biyu kawai."

Saja ya shafa gashin baki. "Ɗana, fushinku gaskiya ne, ku je ku faɗe shi da bakinku, ni zan buɗe muku ƙofa. Amma a soja na ɗauki gawar abokina a kafaɗa an rufe ta da irin wannan ƙyallen. Gara a kore ni a kan abin da na yi, da a bar ni a kan abin da ban yi ba."

Laraba ya shiga ofis da gwangwanin madara a hannu, ya ajiye a kan tebur. Madam Juliana na tsakiya, mutum biyu na gefenta, Bitrus na bakin ƙofa, Malam Musa kuma an kira shi shaida, ya zo da rigar Juma'a.

"Baba Ernest, mene ne wannan?"

"Marigayiyar ce, Madam. Abin da aka bari na kwashe. Sauran an tattake."

Ya yi bayani tun daga bariki. Madam ta saurara, ta ce, "A wace takarda aka rubuta haka?"

"Ba a ba kofur takarda, Madam. Gani yake yi."

"Kofur? Nan an rubuta saja."

"Wannan daga gida ne."

Ta juya ga Malam Musa. "Malam, ka ga ya ƙona tuta?"

"Hajiya, na gani."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"Allah ya kai ki. Na ga ya ƙona, amma tsakani da Allah ko ni aka ƙona da irin wannan ladabin ba zan kai ƙara ba."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ce ladabi ko ba ladabi, mutum ɗari biyu sun ga wuta, kuma labari ya kai har unguwar Kakuri cewa a masaƙar nan ana ƙona tuta. Madam ta ɗauki biro. Kowa ya san in ta ɗauki biro magana ta ƙare.

Agogon bango ya buga shida. Saja, wanda shekara biyar wuyansa ya saba, ya juya ya dubi taga. Lebura ne aka sa riƙon ƙofa. Ya saki igiya gaba ɗaya, sabuwar tuta ta zubo kamar wanki, rabinta a cikin kwata, ya tattaro ta ya cusa a hammata yana cin gyaɗa.

Saja bai nemi izini ba. Ya ture kujera, ya bi ta gefen Bitrus, sai ga shi a fili. Muryar da ya yi ajiyarta tun barin soja ta fito: "Kowa ya tsaya cak!"

Leburan ya ƙame, gyaɗa a baki. Masu wucewa a keke suka sa ƙafa a ƙasa. A cikin ofis, 'yan kwamiti biyu suka sami kansu a tsaye ba su san lokacin da suka tashi ba. Madam Juliana ta dube su, ta dubi taga, ta ajiye biro, ita ma ta miƙe.

Ta taga suka ga Saja ya karɓi tutar, ya goge gefen da ya ɓaci da hannun rigarsa, ya mayar da ita sama har ƙarshe, sannan ya sauko da ita yadda ake yi, a hankali. Ya linke, ya sara. Ya dawo ofis da ita a ƙirji, yana haki.

"Yi haƙuri, Madam. A ci gaba da korar."

Madam ta cire tabarau ta goge, abin da ba a taɓa gani ba. "Gobe ƙarfe shida ka koma ƙofarka. Amma daga yau, in za ka yi jana'iza, ka rubuto kwana uku kafin ranar. Kuma ba lokacin tashi daga aiki ba."

Washegari aka binne gwangwanin a gindin sandar tuta, Madam na tsaye, Malam Musa ya kawo shebur.

Labari ya bazu, wannan karon daidai. Hedimastoci daga Makera da Kakuri suka fara aiko masa da tsofaffin tutocinsu, don kowa na da ɗaya a kabad yana tsoron yarwa. Kowace sai ya cika takarda, Madam ta sa hannu. Bitrus ya yi zanga-zangarsa da baki da kwalaye, Saja ya buɗe masa ƙofa kamar yadda ya yi alkawari, ya kuma leƙa jakarsa. Har Saja ya bar masaƙar, Bitrus na kiransa Kwamared, shi kuma yana yin kamar da wani ake.

Hannatu ce dai ba ta huce ba. Duk tutar da aka kawo sai ta murza gefenta tsakanin yatsu biyu, ta ce, "Wannan ma da sauranta," sannan ta miƙa masa ashana.