Kaset ɗin Besbol na Isufu Mai Kyamara

Yanzu yaro zai jingina wayarsa da shinge, ya yi jifa goma, kafin ya kwance takalmi bidiyon ya isa wurin kocin kwaleji a wata jiha. Ba gumi, ba sallama. A farkon shekarun dubu biyu kuwa, mu Hausawan Greensboro ta Amurka, duk abin da ake so a ɗauka sai ya bi ta kafaɗar marigayi Isufu Mai Kyamara, mutumin Maraɗi. Kun tuna kyamarar nan ta gwanjo, mai nauyin ɗan akuya. Da ya ɗora ta sai ya ɗaga yatsa ya ce a dakata, da Faransancinsa: "Atande, atande! Ba a gaisa ba." Ko ragon suna aka kayar, sai mai yanka ya tsaya da wuƙa a hannu ya gai da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Na zauna Abijan, na zauna Jidda, na yi shekaru a Faransa. Harsuna biyar nake ji, kuma a cikinsu duka ban sami kalmar da ta isa taurin kan Isufu ba.

Ɗansa na fari, Haruna, sunan mahaifin Isufu aka sa masa. Ga kunyar ɗan fari, ga sunan uba. Shekara goma sha bakwai Isufu bai taɓa furta sunan yaron ba: "kai" in yana kusa, "wancan" in yana nesa. To, wancan ɗin ya tashi gwanin besbol, wasan nan na Amurkawa da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya na duka da kulki. Haruna mai jifa ne, kuma bahago. Kocin makarantarsu ya ce a ɗauki ɗan gajeren kaset na jifansa a aika wa kwalejoji, ko wata ta ɗauke shi karatu kyauta. In ba haka ba, kowa ya sani, ɗaukar kwali a sito ke jiransa.

Isufu ya ce, "Kaset? A gidana? Ai an gama."

Ranar Asabar da hantsi ya tara mu a wani fili a Summerfield, gefen gonar dawaki. Liman ya zo, dattawa sun zo da manyan riguna, matarsa Hajiya Rakiya ta zo da kular kunu. Minti arba'in na farko gaisuwa ce. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi minti shida a ciki, rabi Faransanci rabi Larabci, ina gai da mutanen da ban sani ba a kwalejin da ban taɓa gani ba.

Da ƙyar aka zo kan jifa. Haruna ya ɗaga ƙafa ke nan.

"Atande! Da wane hannu za ka jefa?"

Yaron ya amsa da Turanci, yadda 'ya'yanmu na nan suke yi: "Baba, ai saboda hagun ake nemana."

"Manyan mutane masu digiri za su zauna su kalla, ka aika musu abu da hagu? A ce wa ya rene ka? Canza hannu!"

Na ce, "Isufu, a wannan wasan bahago ake rububi. Na ga ana yi."

"Alhaji, yawon duniya ya ɓata ka."

Haruna ya jefa da dama. Ta farko ta tsallake shinge ta firgita doki. Ta biyu ta sauka a kular kunu. Daga baya Isufu ya yi sassauci, ya ce a yi biyar da hagu. Wallahi ƙwallon fita take tana shewa. Amma duk sanda yaron ya saki hannu, sai Isufu ya karkatar da kyamara kan bishiyoyi. Na ce me kake yi? Ya raɗa mini: "Bakin mutane, Alhaji. Ba a nuna komai duka."

Kaset ya fito awa biyu da minti arba'in. Don tsimi, a kan tsohon kaset ɗin biki ya ɗauka, saboda haka ƙarshensa mata ne ke rawa suna liƙi. A jikinsa ya rubuta da kyakkyawan rubutu: "Yaron gidanmu." Ba suna. Ya hau bas daga tashar cikin gari zuwa gidan waya, ya aika wa kwalejoji goma sha ɗaya, ya dawo yana jiran godiya.

Shiru. Abokan wasan Haruna ana ta kiransu, lokaci na ƙurewa, yaro ya daina magana a gida. Sai kocin makarantar ya nemi ganin kaset ɗin, aka tafi da ni tafinta. Bawan Allah ya daure rabin awa, sannan ya nuna liman ya ce, "Wannan ne ɗan wasan?" Ya ce abu uku ake so: minti uku, hannun hagu, da sunan yaro a farko.

Isufu ya ce, "Minti uku? Ko gaisuwar liman ba ta ƙare ba. Gaya masa na ƙi."

Ni na yi magana, liman ya yi, a banza. Hajiya Rakiya ce ta gama da shi. Tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba komai, Malam. Akwai wani Bature a Sedgefield mai ɗaukar bidiyon 'yan wasan golf. Gobe zan kai masa yaron."

Washegari Isufu ya riga kowa zuwa fili, da sabon kaset fil a leda.

Mu uku ne kawai. Haruna ya tsaya gaban kyamara don ya faɗi sunansa. Amma yaron da aka rena a gidan da ba a ɗaga murya da wannan suna, ta yaya zai faɗe shi yana kallon idon ubansa? Ya sunkuyar da kai ya yi gunguni. Isufu ya ce a sake. Ya sake, iska ta kwashe. Sau huɗu. Isufu kuwa zai jure komai a duniya ban da murya mara fita a aikinsa. Sai kawai ya daka tsawa daga bayan kyamara:

"Haruna Isufu! Haka ake faɗa! Haruna Isufu, bahago ne, ku duba da kyau!"

Jar fitilar kyamara na nan a kunne. Isufu ya sauke ta a hankali, ya kalli ƙasa, ya ce, "A goge wannan."

Haruna ya ce, wannan karon da Hausa, "A'a, Baba. A bar shi."

Haka aka aika, da tsawar da komai. Wata ƙaramar kwaleji can cikin duwatsu ta kira, ta ɗauke shi. Isufu ya yi ta gaya wa mutane cewa da sun kalli kaset na farkon har ƙarshe da tuni sun ba yaron kujerar farfesa.

Allah ya jiƙan Isufu, ya yafe masa awannin da ya tsayar da mu a rana, ya sa ya tarar da masu amsa masa gaisuwa ba da gaggawa ba. Daga ranar nan ta Summerfield har ya koma ga Allah, bai ƙara ce wa ɗansa "wancan" ba. Haruna yake kiransa.