Tsinken Ashanar Kawu

Jiya rediyon da marigayi Kawu ya bar mana ya ɗauke ɗif, ga kaset ɗin nan guda mai muryarsa a ciki. Na zaci ya ƙone. Har na ɗauke shi zan kai wa mai gyara, sai na tuna ranar da rediyon ya yi wa Kawu haka, dawowarmu daga garin Araba ke nan. Kawu ya tsuguna, rigarsa na warin albasar gona, ya ce, "Gaggawar mi? Fara duba wayar wuta, ɗana." Ashe kwance take, ya tokare ta da tsinken ashana.

Na yi yadda ya yi. Sai ga gyaran muryarsa, sai sallamarsa.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, yadda ka sanyaya mini rai jiya.