Manyan Haruffan Malam Sani da Tafiyar Yayata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Sani, mijin yayata Hadiza, a birnin Lyon na ƙasar Faransa, inda ni ma nake zaune. Ɗalibansa na Paris sun roƙe ni in rubuta yabo. Allah ya jiƙan sa, amma yabo kam ba za su samu a wurina ba.

Karatu ne ya kawo shi daga Damagaram, ya ɗauko Yaya tana amarya. Aikinsa guda ne: tsofaffin littattafan Ingilishi, na zamanin da marubuci ke ɗora babban harafi a kan kalma a tsakiyar jimla don kawai ya ga ta isa. Gaskiya, Mulki, Mutunci, duk sai a ɗaga su. Shi kuma ya bi su shafi-shafi yana neman yaushe aka daina, don me, yana rubuta littafi a kai. Ko a kan tuwo sai ya yi mana lacca har miya ta yi sanyi.

Ba ilimin na ƙi ba, alkawarin na ƙi. Duk shekara Yaya ta ce tana son ganin gida, sai ya ce, "Hadiza, bari in ƙare littahin, mu tahi tare." Ita kaɗai kuwa bai yarda ta je ba, wai wa zai kula da shi. Babanmu ya rasu, littafi bai ƙare ba. Innarmu ta kwanta ciwo tana kiran sunanta, na same shi har gida a unguwar Guillotière na ce, "Malam, ko sati biyu." Ya ce saura babi ɗaya. Ni kaɗai na je jana'izar.

Ina ma ya ga yau. Ɗaliban nasa kan turo mini saƙo a waya, ko sunansa ba sa sa wa babban harafi. Na san da ya tayar da jijiyar wuya, abin da bai taɓa yi don hawayen matarsa ba.

Me ya bari? Kwalaye ne cike da takardu, ɗaliban sun kwashe wai za su buga. Su buga mana, Allah ya ba da masu karantawa. Ya kuma bar mini Yaya. Tana fita takaba na raka ta Damagaram. Ta tsaya a ƙofar gidan da aka haife ta, ta yi sallama. Wata matar aure ta leƙo, ta amsa cikin ladabi, ta ce, "Hajiya, wa kike nema?"